Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Arewa: Ina Ƙarin Kuɗin UBEC Ya Maƙale?

Masu girma Gwamnonin jihohin Arewa 19,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da kuka ɗauka, ya sa ku sauke ta lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi hedimasta har na ajiye aiki, yanzu kuma ina cikin kwamitin kula da makarantar unguwarmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar kuɗin da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, take ware wa jihohi duk shekara don gina azuzuwa da gyara su da sayen kujeru. A shekarar 2024 hukumar ta sanar da cewa kason kowace jiha, wanda a 2023 bai kai Naira biliyan 1.5 ba, ya haura Naira biliyan 3.5. Gidajen rediyo sun yaɗa labarin, iyayen yara sun ji, sun yi murna. Tun daga lokacin tambaya ɗaya ake yi wa hedimastoci da 'yan kwamiti a masallaci da kasuwa da wajen ɗaurin aure: "Malam, an ce an ƙara muku kuɗi, ina yake?" Mutumin da ko kwabo bai shiga hannunsa ba shi ake yi wa kallon ya ci. Don haka nake so in bi sawun kuɗin nan a gabanku da gaban jama'a, daga inda ya taso zuwa inda yake tsayawa, domin yawancin wuraren da yake tsayawa a ƙarƙashin ikonku suke.

A Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya ranar 30 ga Satumba, 1999, kuma aka sa hannu a dokarsa a 2004. Dokar ta ce a riƙa ware abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba don ilimin firamare da ƙaramar sakandare. Rabin wannan kuɗi ana raba shi daidai-wa-daida tsakanin jihohi 36 da Abuja, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata kason, kwatankwacin abin da za a ba ta, a asusun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB, kafin a saki na tarayya. Tsarin adashe ne, wanda bai yi zubi ba ba ya kwasa. Ke nan jihar da take son biliyan 3.5 ɗin nan sai ta fito da biliyan 3.5 daga aljihunta, a haɗa ya zama fiye da biliyan 7.

A nan matsalar farko take, kuma ba kowa ke lura da ita ba. Ranar da aka ninka abin da za a ba jiha, a ranar aka ninka abin da za a nema daga gare ta. Jihar da take jan ƙafa wajen biyan biliyan ɗaya da 'yan kai, yanzu an ce ta kawo uku da rabi. Ga shi kuma jihohi kan kammala kasafin kuɗinsu ne tun ƙarshen shekarar da ta gabata, a kan lissafin tsohon adadi. Idan ƙarin ya zo bayan majalisa ta riga ta amince da kasafi, babu gurbinsa a takarda, sai dai a kai ƙwarya-ƙwaryar kasafi ko a jira shekara ta zagayo. A daidai wannan lokaci ne kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, a watan Yulin 2024, ma'aikata suka taso ku gaba. Na san waɗannan duka gaskiya ne, ba zan yi kamar ban san su ba.

Amma ranku ya daɗe, daga ina ƙarin UBEC ɗin ya fito? Ya fito ne daga ƙaruwar kuɗin shiga bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar Naira. Wannan dalilin ne dai ya sa abin da kuke karɓowa duk wata daga rabon arzikin ƙasa ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Talakan da yake sayen litar mai da tsada, yake biyan kuɗin mota ninki uku, shi ya biya ƙarin nan tun kafin a sanar da shi. Idan aka ce masa babu kuɗin da za a ajiye a karɓo wa ɗansa aji, yana da haƙƙin ya tambayi inda nasa kason ya tafi.

Alƙaluman ba ni na ƙirƙira su ba. A ƙarshen 2024 shugaban UBEC na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya bayyana cewa fiye da Naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 na nan jibge jihohi ba su je sun karɓa ba. Ban ce duka na jihohin Arewa ba ne. Akwai jihohin Kudu da suka fi kowa taurin kai a wannan batu, akwai kuma wasu daga cikinku da suka hau mulki suka tarar da bashin shekaru suka biya shi kaf. Waɗannan sun cancanci yabo, Allah ya saka musu. Sai dai mu ne muke da mafi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, don haka jinkirin wata ɗaya a wajenmu ya fi na ko'ina ciwo.

Ko bayan an sa kuɗin a kasafi, tafiya ba ta ƙare ba. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san bambancin "an amince" da "an saki". Shugaban SUBEB zai rubuta takarda, ta bi ta ofishin kwamishinan ilimi, ta isa gidan gwamnati. Mai girma ya sa hannu. Daga nan fayil ya wuce ma'aikatar kuɗi, ya sauka a teburin akanta-janar, sai a ce a dakata sai kuɗin wata ya shigo. Kuɗin wata ya shigo, albashi ya ɗauki nasa, bashin banki ya ɗauki nasa, ɗan kwangilar babban titi da yake da ƙofar shiga gidan gwamnati ya ɗauki nasa, fayil ɗin makarantu ya koma ƙasan tari. Babu wanda ya ce ba za a biya ba, kowa "ana kai" yake cewa, kuma a haka shekara take ƙarewa. Dalilin a bayyane yake: gadar sama a babban birni kowa na ganin ta, ana zuwa da baƙi a yanke ƙyalle, amma azuzuwa biyu a ƙauyen da ke nesa da kwalta babu mai ɗaukar hotonsu. Yaran da za su zauna a ciki ba su da katin zaɓe, iyayensu kuma ba su san ma akwai wani kuɗi da ke jiran sa hannu ba.

To, a ce an biya. Saura tsarin aiki. UBEC ba ta sakin kuɗi sai SUBEB ta kai mata takarda dalla-dalla: makarantu kaza, a ƙananan hukumomi kaza, aji nawa za a gina, nawa za a gyara, benci nawa, rijiyar burtsatse nawa, banɗaki nawa, da kiyasin kuɗin kowanne. Aiki ne da ya kamata a ce yana nan a shirye tun kafin kuɗi ya zo, domin sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi sun san kowace makarantar da rufinta ya yaye. Amma sau da yawa sai an ji ƙamshin kuɗi ake fara shi, kuma da an fara sai 'yan siyasa su yi layi. Wannan yana son a kai mazaɓarsa, wancan yana son a cire garin da bai zaɓe su ba. A rubuta, a goge, a sake rubutawa. A kai Abuja, a dawo da shi saboda kiyasin bai daidaita ba ko an sa makarantar da aka riga aka yi wa aiki bara. Idan kuma aka yi rashin sa'a canjin gwamnati ya faɗo a tsakani, sabon gwamna ya rushe shugabannin hukumar, sai a yi watanni babu wanda ke da hurumin sa hannu, sababbin da aka naɗa kuma su ce ba su yarda da jerin da suka tarar ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ke faruwa bayan kuɗin ya shigo. A tsakiyar 2025 shugabar UBEC, Hajiya Aisha Garba, ta ce akwai fiye da Naira biliyan 250 a asusun hukumomin SUBEB na jihohi da ta Abuja da ba a yi aiki da su ba. A nan babu batun an hana ku, kuɗin yana hannu. Abin da ke riƙe shi bayar da kwangila ne. Doka ta ce a tallata aiki a jarida, a ba masu nema makonni, a buɗe takardu a bainar jama'a, a tantance, a kai wa hukumar sa ido kan kwangiloli ta jiha ta ba da shaida. Ba na adawa da ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai, an kafa su ne don kare dukiyar jama'a. Amma aikin da zai iya ƙarewa cikin wata biyu ko uku yakan ci shekara, saboda ana jiran jerin sunayen waɗanda za a ba daga sama, saboda ba a fara talla ba sai da kuɗi ya kwana watanni, saboda kwamitin da zai zauna bai samu zama ba.

Kuɗin da ke kwance kuwa narkewa yake yi. Buhun simintin da ake saye wajen Naira 5,000 a 2023 ya kai Naira 10,000 har ya wuce a wasu garuruwa a farkon 2024. Kwano da rodi da katako duk sun bi sahu, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Ku duba halin ɗan kwangilar da aka yi wa kiyasi da tsohon farashi, aka ba shi takarda bayan wata takwas, aka ba shi kafin alƙalami bayan wasu watanni biyu. Ya je kasuwa ya ga kuɗin ba zai kai ba. Abu uku ne a gabansa: ya rubuta neman ƙari, wanda shi ma sabon fayil ne da zai bi duk teburan nan daga farko, ko ya rage siminti ya ƙara yashi, ya sa kwano mai kaurin takarda, ko ya kai ginin linta ya kwashe kayansa ya kashe waya. Duk wanda ke yawo a karkara ya ga irin waɗannan kangwaye, ciyawa ta fito a ciki, awaki na kwana. Idan kuma takardar ta fito a watan Yuli, damina ta kankama, tifa ba ta iya shiga ƙauye da yashi, sai a jira kaka. Aikin da ba a kammala ba ba a iya rufe lissafinsa, kuma UBEC na duba yadda aka kashe na baya kafin ta saki na gaba. Ta haka jinkirin shekara ɗaya yake haifar da na shekara mai zuwa, har jiha ta wayi gari tana aikin kuɗin shekaru uku da suka wuce.

Bari in nuna muku yadda wannan yake a ƙasa. A makarantar da nake yi wa hidima, iskar farkon damina ta ɗauke rufin wani gini mai aji biyu da dare, muka wayi gari kwanon yana cikin gonar maƙwabci. Hedimasta ya rubuta, aka zo aka auna, aka ɗauki hoto, aka ce mun shiga jeri. Kafin a zo, dole aka haɗe 'yan aji uku da 'yan aji huɗu a ɗaki ɗaya. Na sha tsayawa a bakin taga ina kallo. Yara sun cika ɗakin har bakin allo, na gaba suna zaune a kan buhunan da suka zo da su daga gida, na baya sun jingina da bango suna rubutu a kan gwiwa. Malama ba ta da inda za ta sa ƙafa ta je ta duba littafin yaro, sai dai a miƙo mata hannu da hannu. Da hadari ya haɗu ake tashin su, domin ɗakin da ya rage ma yana yoyo. 'Yan mata da suka fara tasawa su ne suka fara ɗauke ƙafa, saboda banɗakin da aka ce yana cikin aikin shi ma yana jiran fayil. Iyayensu ba ƙin boko suke yi ba, ni na san su ɗaya bayan ɗaya. Firamare shekara shida ce. Idan kuɗi ya yi shekara uku a hanya, yaron da aka ware wa shi ya cinye rabin karatunsa a ƙasa, kuma ba za a dawo masa da waɗannan shekaru ba ranar da aka buɗe sabon aji.

Ban wanke Abuja ba. Ita ma UBEC tana da nata jan ƙafa wajen duba takardu da tura masu sa ido, kuma sanar da adadin shekara bayan jihohi sun rufe kasafi kuskure ne da ya kamata ku taru ku matsa a gyara. Amma ina jin wasu na cewa a soke sharaɗin kason jiha gaba ɗaya, a riƙa turo kuɗin kawai. Ban goyi bayan haka ba. Ilimin firamare nauyin jihohi da ƙananan hukumomi ne tun asali, tarayya taimako take yi. Idan aka cire sharaɗin, biliyan 7 za ta koma biliyan 3.5, kuma jihar da ba ta sa ko sisi ba ba za ta damu da yadda aka kashe ba. Mun ma taɓa ganin gwaji. A zamanin Shugaba Buhari, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta cire fiye da Naira biliyan 71 kai tsaye daga kuɗin Paris Club, wato rarar da aka cire wa jihohi wajen biyan bashin ƙasashen waje, da za a mayar musu, ta biya musu bashin kason da ya taru. Babu jihar da ta durƙushe saboda haka. Abin da ya nuna shi ne kuɗin yana samuwa idan aka ɗauke shi tun daga tushe, kafin ya shiga layin masu jira.

Akwai wani sashe a dokar 2004 da nake so ku sake karantawa. Uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka Naira 5,000 ko wata biyu. Dokar ta tanadi hukunci ga manomin da bai kai ɗansa ba, amma ba ta tanadi komai ba ga gwamnatin da ta bar kuɗin gina ajin yaron a Abuja shekara da shekaru. Tunda doka ba ta ɗaure ku ba, abin da ya rage shi ne ku ɗaure kanku da kanku.

Hanya mafi sauƙi ita ce kowannenku ya ba da umarnin dindindin a riƙa cire kason UBEC kaɗan-kaɗan duk wata daga rabon arzikin ƙasa, ana zuba shi a asusun SUBEB, yadda ake cire bashin banki ba tare da an jira sa hannun kowa ba. Biliyan 3.5 idan aka raba ta wata goma sha biyu ba ta kai miliyan 300 a wata ba. Babu jiha a cikinku da wannan zai gagara a yau. Majalisun dokokinku na iya mayar da shi doka, don kada wanda zai gaje ku ya warware. Kuma tunda kun san adadin yana bin kuɗin shigar tarayya ne, ku riƙa sa gurbi mai yalwa a kasafi, kada ƙari ya sake zuwa ya tarar babu wurin zama.

Sannan a daidaita aikin da yanayin ƙasarmu. Lokacin gini a Arewa daga Oktoba ne zuwa Mayu. A gama tsarin aiki da talla da tantancewa a cikin damina, ta yadda da ruwa ya ɗauke ɗan kwangila yana filin aiki da kuɗinsa a hannu, da kiyasin da aka yi da farashin wannan watan. Ƙananan gyare-gyare kuwa, irin su mayar da kwano da sa ƙofa da taga da gyaran daɓe, ba su buƙatar ɗan kwangila daga babban birni. Shirin AGILE na bunƙasa karatun 'yan mata a sakandare, da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno da Filato ke cikin jihohin farko da suka shiga, yana tura kuɗin gyara kai tsaye asusun kwamitocin makarantu. Kafintan gari da magininsa su ke aikin, mai unguwa da iyaye suna tsaye a kai, kuma wanda ya ci amana ya san da wa zai haɗu a masallaci gobe. A ɗauki abin da ya yi kyau a wannan tsari a faɗaɗa shi zuwa firamare, da bincike mai tsauri a kan kwamitocin, mu ma a riƙa tuhumar mu.

Abu na ƙarshe da nake roƙo ba ya cin ko kwabo. Ku umarci kowace SUBEB ta riƙa fitar da bayani duk wata uku, da Hausa da sauran harsunan jihar, a karanta a rediyo, a manna a ofishin sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma: shekarar da aka biya kasonta, shekarar da ba a biya ba, nawa ke cikin asusu, waɗanne makarantu ke cikin jeri, wa aka ba aikin, nawa aka ba shi, yaushe zai gama. Idan jama'a sun san teburin da fayil yake, mai teburin ba zai iya riƙe shi wata shida ba, kuma hedimasta zai samu takardar da zai nuna wa masu tambayarsa. Idan kun hallara a Kaduna a taronku na gaba, ku sa wannan a ajanda kusa da maganar tsaro, kowane gwamna ya faɗa wa 'yan'uwansa shekarar da jiharsa ta tsaya a biyan kason UBEC da ranar da zai cike sauran, sannan a saka shi a sanarwar bayan taro mu ji.

Allah ya ba ku ikon yi, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon hedimasta, ɗan kwamitin kula da makarantar firamare.